Doki Ya Yi Tuntuɓe da Mahayi a Kansa: Raunin da Kan Ɓuya da Tsawon Jinyarsa

Tambaya: Ina kan dokina yana sassarfa sai ya yi tuntuɓe, ya kife a kan gwiwoyinsa na gaba, ni kuma na wuntsila ta kan wuyansa na sauka a kan kafaɗa. Dukanmu mun tashi da ƙafafunmu. Gwiwarsa ɗaya ta ɗaye, yana ɗan ɗingishi, ni kuma kafaɗa da wuyan hannu ke mini ciwo. Wane irin rauni ya kamata in duba a jikina da nasa, kuma yaushe za mu koma hawa?

Amsa: Barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Sai dai wannan "mun tashi da ƙafafunmu" da ka faɗa, kada ka ɗauke shi a matsayin shaidar lafiya. Lokacin da abu irin wannan ya faru, jikin mutum da na doki duka suna sakin sinadarin adirenalin, shi kuwa yana danne zafi na ɗan lokaci. Mutum kan tashi da karyayyen ƙashi ya kama dokinsa ya kwance sirdi kafin ciwo ya sallamo masa. Doki ma haka, ga shi kuma dabba ce da halittarta ta gudu ce daga masu farautarta, ba ta son nuna gazawa. Kumburi da sandarewar jiki sukan fi tsanani ne tsakanin awa 24 zuwa 48. Don haka dubawa ɗaya ba ta isa ba: a duba nan take, a duba da daddare, a duba da safe, a sake dubawa jibi.

Yadda faɗuwar ke kasancewa shi ke nuna inda za a nemi rauni. Doki na ɗauke da kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa a ƙafafun gaba, nauyin mahayi kuma yana ƙara musu lodi. Da bakin kofato ya harɗe da wani abu, ƙafar da ya kamata ta tare nauyin ba ta iso ba, sai gaban dokin ya nutse, mahayi kuma ya ci gaba da tafiya da saurin da suke yi. Matsakaicin dokin hawa yakan kai kilo 400 zuwa 500, kan mahayi kuma yana sama da ƙasa da wajen mita biyu da rabi. Shi ya sa raunin mahayi ya fi yawa a kai, wuya, kafaɗa da hannu, na doki kuma a gwiwa, jijiyoyin ƙafar gaba da baki.

Bari mu fara da kai, don likitan dabbobi ba zai yafe maka ba idan ka je kana wanke gwiwar doki ka yanke jiki a barga.

Ko ka sauka a kan kafaɗa, kanka ya girgiza. Girgizar ƙwaƙwalwa ba ta buƙatar mutum ya suma, ba ta ma buƙatar kai ya taɓa ƙasa. Alamominta ciwon kai, jiri, tashin zuciya, ganin haske na damun ido, jin kai kamar cike da hazo, da mantuwa. Gwaji mai sauƙi: ka iya ba da labarin abin da ya faru daki-daki, daga kafin tuntuɓen har zuwa lokacin da ka miƙe? Idan akwai giɓi a labarin, ko na kusa da kai sun ce kana maimaita tambaya ɗaya, to ka ɗauka ƙwaƙwalwa ta girgiza. Kada ka tuƙa mota, kada ka kwana kai kaɗai a daren farko, kada ka sha barasa ko maganin barci. In ciwon kai ya dame ka, farasitamol ya isa a kwana biyun farko. Asfirin da ibuprofen suna iya ƙara zubar jini idan akwai shi a ciki.

Abubuwan da ba a jira da su gari ya waye: ciwon kai da ke ƙaruwa maimakon raguwa, amai fiye da sau ɗaya, barci mai nauyi da ke wuyar tashi, maganar da ta fara harɗewa, farfaɗiya, mutuwar hannu ko ƙafa, baƙin ido ɗaya ya fi ɗaya buɗewa, ko wani ruwa garau na fita ta hanci ko kunne. Akwai irin zubar jinin da ke taruwa tsakanin ƙoƙon kai da rigar ƙwaƙwalwa, mutum ya yi awa ɗaya ko biyu yana hira lafiya lau, sannan ya rikice. Wanda ke shan maganin tsinka jini irin su warfarin, ko dattijo, ya je asibiti ko da ba ya jin komai. Yawancin manya suna warwarewa daga girgizar ƙwaƙwalwa cikin mako biyu, yara kan kai mako huɗu. Ana hutawa sosai kwana ɗaya zuwa biyu, a rage kallon waya, sannan a fara ƙananan ayyuka a hankali. Ƙa'idar da Birtaniya ta fitar a 2023 don wasannin jama'a ta hana komawa gasa kafin kwana 21, kuma ma'auni ne mai kyau ga mahayi, domin bugu na biyu a kan ƙwaƙwalwar da ba ta gama warkewa ba ya fi na farko ɓarna. Hular kwanon da ta daki ƙasa kuwa ta gama aikinta. Soson da ke cikinta yana murƙushewa sau ɗaya ne, ko da bayanta bai nuna tsaga ba. A sayi wata.

Wuya da baya: zafi a tsakiyar ƙashin wuya daidai inda yatsa ya danna, jin kamar wutar lantarki na bi ta hannu, ko yatsu na yin dindiris, duk na hoton asibiti ne. Ga wanda ya tarar da mahayi a kwance yana kukan wuya, kada ya ɗaga shi, kada ya cire masa hula, ya riƙe kan a yadda ya same shi har masu agaji su zo, sai fa in numfashi ya tsaya. Jarumin finafinan Amurka Christopher Reeve ya wuntsila ta gaban dokinsa a 1995, ƙasusuwan wuyansa biyu na sama suka karye, bai sake tafiya ba. Nasa dokin tirjewa ya yi a gaban shinge, amma faɗuwar iri ɗaya ce da taka: kai da kafaɗa a gaba.

Yanzu kafaɗarka. Abu uku ne suka fi faruwa. Na farko karayar ƙashin nan da ya tashi daga gindin wuya zuwa kafaɗa. Bi shi da yatsa daga farko zuwa ƙarshe. Idan ka ji tudu, ko wuri ɗaya mai zafi kamar an soka allura, ko kana jin ƙas-ƙas in ka motsa hannu, to shi ne. Yawanci rataye hannu ake yi, ya haɗe cikin mako 6 zuwa 12 a babba, amma idan ƙasusuwan sun hau kan juna sosai ko ɗaya na neman huda fata, sai an yi aiki. Na biyu rabuwar 'yar gaɓar da ke can saman kafaɗa, inda wannan ƙashin ya haɗu da allon kafaɗa: za ka ga ɗan tsini ya taso, kuma kai hannu zuwa ɗaya kafaɗar yana da zafi. Ƙaramar rabuwa kan lafa cikin mako biyu zuwa shida. Na uku gocewar kafaɗa gaba ɗaya, wannan ba ya ɓuya, kafaɗar takan zama kamar an daddatse ta, hannu ya ƙi motsi. Kada a bar wani ya ja ta da ƙarfi don mayarwa ba tare da hoto ba, sau da yawa akwai karaya tare da ita. Wanda ya haura shekara 40, idan bayan mako biyu har yanzu ba ya iya ɗaga hannu sama da kafaɗa da kansa, a duba jijiyoyin da ke riƙe da kan ƙashin, sukan yage.

Wuyan hannun nan da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, shi ya fi damuna. Mai faɗuwa yakan miƙa hannu ya tare ƙasa ba tare da ya sani ba. Karayar babban ƙashin hannu kusa da wuyan hannu tana bayyana, a sa filasta wajen mako shida. Amma akwai wani ɗan ƙashi a gindin babban yatsa da ke yaudarar mutane har da hoton farko. Buɗe tafin hannunka ka ɗaga babban yatsa sama, za ka ga wani ɗan rami a gindinsa ta gefen wuyan hannu. Danna cikin ramin. In da zafi, ko kuma in tura babban yatsan zuwa ciki yana sa zafi, a ɗauke shi karaya ko da hoto bai nuna ba: a ɗaure, a sake hoto bayan kwana 10 zuwa 14, ko a yi sikanin. Dalili shi ne jini na shiga wannan ƙashi ne ta gefe ɗaya. Idan ya karye aka yi ta aiki da hannun ana cewa targaɗe ne, ɓangaren da jini bai kai ba yakan mutu, a wayi gari bayan shekaru da wuyan hannu mai ciwon da ba ya jin magani. In an kama shi da wuri, filasta ta mako 6 zuwa 12 ta kan wadatar.

Haƙarƙari kan warke da kansa cikin wajen mako shida. Ba a ɗaure ƙirji. A sha maganin zafi yadda za a iya jan numfashi mai zurfi sau da yawa a kowace awa, in ba haka ba majina ta kwanta a huhu ta zama namoniya. Abin tsoro shi ne abin da ke ƙarƙashin haƙarƙarin. Saifa na hagu, hanta na dama, ƙoda na baya. Ciwon ciki da ke ƙaruwa, jiri in an miƙe, zufa mai sanyi, zafi a tsinin kafaɗar hagu alhali ba ita ta bugu ba, jini a fitsari, ko numfashi na yin gajere, asibiti kai tsaye. Saifa na iya fashewa kwanaki bayan bugun.

Wanda bai faɗo ba ma yana iya jin ciwo. Doki in ya yunƙura zai tashi yakan wurgo kansa sama daidai lokacin da fuskar mahayi ke gangarowa, hanci ko haƙori ya tafi. Haƙorin da ya fita, a riƙe shi ta kai ban da saiwa, a sa shi cikin madara, a kai ga likitan haƙori cikin awa ɗaya. Gaban sirdi kan daki mara da ƙashin ƙugu, naman matsematsi kan yage, igiyar linzami da aka naɗe a yatsu kan karya su. Idan kuma doki ya kwanta a kan ƙafar mahayi, a lura da ƙwauri: zafin da ya wuce misali, naman ya yi tauri kamar itace, motsa yatsun ƙafa na ƙara azaba, wannan kumburi ne da ya toshe jini a cikin nama, kuma awanni kaɗan ake da su.

Ga ƙananan buguwa da targaɗe, ƙanƙara a naɗe cikin tawul minti 15 zuwa 20, duk bayan awa biyu ko uku, kwana biyun farko. Tausa mai ƙarfi da ruwan zafi a wannan lokacin ƙara kumburi suke yi.

Mu koma kan dokin. Abin da muke kira gwiwar doki ta gaba, a tsarin ƙashi daidai take da wuyan hannun mutum: ƙananan ƙasusuwa bakwai ko takwas jere biyu, da gaɓoɓi hawa uku. A gabanta babu nama, fata ce kawai sai jijiyoyin miƙe ƙafa da rigunansu, sai jakar gaɓa. Lokacin da doki ya kife, gwiwar a lanƙwashe take, gaɓoɓin a buɗe ta gaba, tsakuwa na iya shigewa. In ya miƙe sai fatar ta zame ta rufe hanyar. Shi ya sa girman raunin da kake gani bai gaya maka komai ba. Ɗayewa mai faɗin tafin hannu na iya zama ta fata kawai, ɗan huji kamar ƙwayar wake kuma ya kai cikin gaɓa.

Ga yadda za ka yi. A samu wani ya riƙe dokin da ragama, kai kuma ka tsaya a gefe, ban da gaban gwiwa. In jini na zuba, danna tsaftataccen ƙyalle minti biyar zuwa goma ba tare da ɗagawa kana leƙe ba. Sannan ka saki ruwa mai tsafta daga tiyo a hankali, daga sama yana gangarowa ta kan raunin, minti 10 zuwa 15. Kada ka matse bakin tiyon ka harba ruwan cikin rami, tura datti ciki za ka yi. Ka ƙarasa da ruwan gishiri: giram 9 a lita ɗaya ta tafasasshen ruwan da ya huce, wato wajen ƙaramin cokali ɗaya a rabin lita. Bayan nan ka tsane gefen ka zuba ido. Idan wani ruwa rawaya-rawaya, garau, mai yauƙi kamar farin ƙwai yana tsattsafowa, wanda in ka taɓa da yatsu biyu ka buɗe yana jan zare, musamman in dokin ya taka ƙafar, to ruwan gaɓa ne ko na rigar jijiya. Ka rufe da tsaftataccen bandeji ka kira likitan dabbobi a wannan lokacin, ko tsakar dare ne. Ƙwayar cuta in ta shiga gaɓa tana fara cin guringuntsi cikin kwanaki kaɗan, kuma sakamakon wanke gaɓar a ranar farko ya yi nisa da na wanda aka kawo bayan kwana uku. Likita kan tantance ta hanyar tura ruwa da allura cikin gaɓar daga wani gefe nesa da raunin, ya ga ko zai fito ta bakin ciwon. Wani abin da ke ruɗar masu doki: muddin gaɓar na tsiyaya, dokin ba ya ɗingishi sosai. Ran da bakin ya rufe, ruwa ya taru ciki, ranar zai ƙi sa ƙafar a ƙasa.

Kada ka tura yatsa ko tsinke don auna zurfi. Kada ka barbaɗa hodar ciwo ko ka shafa mai mai kauri ko feshin nan mai launi kafin likita ya gani, suna ɓoye abin da yake nema, suna kuma hana ɗinki. Aidin tsantsa yana ƙona sabon nama. In za a sa, a tsarma shi har ya yi launin shayi marar ƙarfi. In fatar ta yage ta yi leɓe, ɗinki ya fi kamawa cikin awa 6 zuwa 8, kodayake ɗinkin gwiwa yakan ɓalle in ba a hana ta lanƙwasawa da bandeji mai kauri ba. Sannan maganar cutar sarƙe haƙora, wadda likitoci ke kira tetanus: doki na cikin dabbobin da ta fi kamawa, kuma yawancin waɗanda ta kama ba sa tashi. In rigakafinsa bai cika ba ko ba ka da tabbas, a yi masa allurar kariya ta gaggawa a ranar. Kai ma in fatarka ta yage a ƙasar da dawaki ke takawa, duba naka rigakafin.

Ɗaurin bandeji yana da nasa haɗari. Auduga mai kauri a ƙasa, sannan a naɗa da matsi iri ɗaya daga ƙasa zuwa sama, kowane zagaye ya rufe rabin na baya. Bandejin da aka ɗaure tamau ba auduga yana iya lalata jijiyar da lafiyarta ƙalau. A bayan gwiwa akwai wani ƙashi da ya turo. A rage matsi a kansa ko a yanke ɗan rami a bandejin daidai wurin, in ba haka ba gyambo zai fito. Ɗayewar fata zalla kan warke cikin mako biyu zuwa uku. Rauni mai zurfi kan ɗauki wata ɗaya zuwa uku, kuma daga gwiwa zuwa ƙasa doki na da halin tsiro da nama ja mai gudaji-gudaji da ke haurawa sama da fata ya hana bakin ciwon haɗewa. In ya fara, likita ne zai yanke shi. Gashin wurin kuma yakan dawo fari ko ya ƙi dawowa.

Kada gwiwar ta ɗauke maka hankali daga ɗaya ƙafar. Ƙafar da ya wurga gaba don ceton kansa ita ta karɓi dukan nauyin bagatatan. Safe da yamma ka shafa bayan ƙwaurin kowace ƙafar gaba, daga ƙasan gwiwa zuwa idon sawu, kana kwatanta hagu da dama. Lafiyayyun jijiyoyi suna nan tsaye kamar igiyoyi, sanyi, kowace da iyakarta. Ɗumi, laushi, kumburin da ya yi baka ta baya, ko dokin ya fizge in ka ɗaga ƙafar ka matsa jijiyar a hankali, alamun yagewa ne. Ruwan sanyi minti 20, sau uku ko huɗu a rana, kwana ukun farko, da ɗauri mai auduga, da hutu a ɗaki. Sikanin jijiya ya fi nuna girman ɓarnar bayan wajen mako ɗaya, don haka likita na iya cewa zai dawo.

A nan ne mafi yawan mutane ke yin asara. Ɗingishin jijiya kan ɓace cikin mako biyu ko uku, doki ya riƙa tsalle a barga kamar babu abin da ya same shi. Amma jijiya ba ta da wadataccen jini, kuma abin da ke cike yagewar tabo ne, bai kai asalin ƙarfi da naɗewa ba. Yagewa ta sosai tana cin wata 9 zuwa 12. Tsarin da aka saba: a fara jan sa da hannu minti 5 zuwa 10 sau biyu a rana, ana ƙarawa kaɗan-kaɗan kowane mako har ya kai wajen minti 40, bayan wata uku ko huɗu a shigo da sassarfa ta minti biyu zuwa biyar a miƙe a kan ƙasa mai kyau, sukuwa sai can wajen wata na bakwai zuwa tara. Kafin kowane ƙarin mataki a sake sikanin. Sakin sa a fili da wuri daidai yake da hawansa, gudu ɗaya na murna ya isa ya mayar da jinya farko.

Don gane ƙafar da ke ciwo, a ja shi ya yi tafiya a miƙe a kan ƙasa mai tauri, igiya a sake. In tafiyar ta yi daidai, a gwada 'yar sassarfa. Kansa na ɗagawa sama lokacin da ƙafar gaba mai ciwo ta taka, ya sauko lokacin da mai lafiya ta taka. Dokin da ya ƙi ɗora nauyi sam, ko ƙafar na lilo, ko yana zufa yana rawar jiki, ba a gwada shi ba a kuma ja shi zuwa gida. A tsaya a wurin a kira likita. Tsagewar ƙashi da ba ta rabu ba tana iya ƙarasa karyewa wajen kwanciya da tashi. In gwiwar hannunsa ta sama, wadda ke jikin ƙirji, ta faɗo ƙasa yana jan bakin kofato, ko ƙashin wurin ne ya karye ko jijiyar saƙon da ke miƙe ƙafar ta bugu. In kuma bayan 'yan makonni ka ga naman allon kafaɗa ɗaya ya zaizaye, jijiyar saƙon kafaɗa ce ta ji ciwo, wannan kan ɗauki watanni.

Ka ɗaga kofatai huɗun. Ƙafar baya takan sari dunduniyar gaba wajen yunƙurin tashi, ko ta taka takalmin ƙarfe ta karkatar da shi ƙusa ta shiga nama. In ka tarar da ƙusa ko ƙarfe a tsakiyar tafin kofato kuma likita na kusa, bar shi a wurin ka hana dokin takawa, hoto da ƙusar a ciki ne ke nuna inda ta kai. Buɗe leɓensa ka duba haƙoran gaba, harshe da inda linzami ke zama. Ka auna zafin jikinsa kullum har mako guda: na lafiya digiri 37.5 zuwa 38.5 ne, bugun zuciya 28 zuwa 44 a minti, numfashi 8 zuwa 16.

Maganin zafi irin fenilbutazon yana da amfani, amma bayan likita ya gani, don yana rufe ɗingishin da ake son karantawa. Ba a haɗa irinsa biyu, ba a yin allurarsa a nama, kuma yawansa na jawo gyambon ciki da ciwon ƙoda. Dokin da aka tsare a ɗaki a rage masa hatsi sosai, a bar masa ciyawa da ruwa wadatacce, a riƙa duba kashinsa, don rashin motsi na kawo ƙullewar ciki. In ya daɗe yana tsaye a kan ƙafa uku, a lura da kofaton mai lafiyar, nauyin da ya yi masa yawa kan kumbura naman cikin kofaton.

Saura tambayar da ba ka yi ba: me ya sa ya yi tuntuɓen? Sau ɗaya a kan rami ko saiwa, kowane doki na yi. Amma doki mai lafiya yakan ceci kansa kafin gwiwa ta kai ƙasa, don haka wanda ya kife a fili sarari ya cancanci bincike. Fara da kofato: bakin da ya yi tsawo yana jinkirta ɗaga ƙafa, kuma gyara duk mako 6 zuwa 8 ke hana hakan. Dokin da dunduniyarsa ke ciwo yakan sauke bakin kofato kafin dunduniya, takunsa gajere, in yana tsaye ya miƙa ƙafa ɗaya gaba. Ɗauki bidiyonsa da waya daga gefe ka rage saurin, za ka gani. Gajiya, sirdin da ya matse kafaɗa, ciwon gaɓa a gwiwa ko wuya, raunin gani, da mahayin da ke kifuwa gaba duk suna cikin lissafi. Mafi haɗari shi ne matsalar laka a wuya: doki na jan ƙafafun baya, bakin kofatansu ya goge, yana tangaɗi, yana taka ƙafarsa in an juya shi a ƙaramin da'ira. Irin wannan ba a hawansa sai likita ya yarda. A duba sirdin ma in dokin ya birkice da shi, ƙashin da ke cikin sirdin kan karye ba a gani daga waje.

Game da komawa hawa, in bincike ya nuna ɗayewar fata ce kawai, sai raunin ya rufe, gwiwar na lanƙwashewa har dunduniya ta kusa taɓa gwiwar sama ba tare da ya fizge ba, kuma ya yi sassarfa a miƙe da a da'ira ta kowane gefe babu ɗingishi, kwana biyu ko uku bayan daina maganin zafi. Mako na farko tafiya kawai, minti 15 zuwa 20 a ƙasa mai laushi daidai, kana shafa ƙafafun bayan kowace fita da washegari da safe. Kai kuma sai kanka ya washe sarai, kana iya ɗaga hannu sama, ka ja majayi, ka dira daga sirdi da sauri ba tare da ka kare wani gefe ba. Ƙashin da ya karye kuwa a ba shi kusan wata uku kafin a sake sa shi cikin haɗarin faɗuwa. Ranar farko wani ya riƙe maka ragama. In ya sake ɗan tuntuɓe, jiki zai ce ka fizgo linzami sama. Akasin haka ake so. Ka zauna daram, kafaɗu baya, dunduniya ƙasa, ka bar igiyar ta zame ta cikin yatsunka, domin da wuyansa yake nemo daidaiton da zai tashi da ku duka.